Abin da wan bai samu ba, ƙanen ya samu

Ƙanwata ta haifi maza biyu, shekara tara tsakaninsu, mata biyu a tsakiya. Na farkon yana kwance a maƙabartar wani ƙauye a ƙasar Akko, kan hanyar Kumo. Na biyun yana aji biyu na firamare a nan Gombe, shekaranjiya ma sai da aka raba shi faɗa a kan ƙwallon roba. Ƙirji ne ya kayar da wan, ƙirji ne kuma ya yi ta neman kayar da ƙanen tun ranar da aka haife shi. Ita ta ce in rubuta, tunda jinyar yara ce sana'ata kuma a gabana aka yi yawancin abin, da sharaɗin kar in kama sunan kowa. Labarin nasu ne, ni shaida ce kawai.

Ɗan farin yana da wata takwas, ana tsakiyar hunturu. Kun san al'adarmu da ɗan fari: uwa ba ta kama sunansa, ba ta nuna damuwa da shi a gaban surukai. A ɗakin Dada, uwar mijinta, yake wuni, sai in zai sha nono a miƙo shi. Mura ta fara, sai tari, sai zazzaɓi. Kwana na biyu aka aika kemis, aka kawo Septrin na ruwa da maganin tari. Kwana na uku Dada ta ce beli ne, aka kira wanzami ya cire, ya haɗa masa da tsaga a haƙarƙari. Uwar ta lura da saurin numfashinsa tun daren farko, daga baya take faɗa min. Kunya ta riƙe mata baki, kuma ko da ta yi magana ba ta da hujjar da ta wuce "ina ganin kamar".

Huhu cike yake da 'yan mitsi-mitsin jakunkuna, a nan iska ke haɗuwa da jini. Nimoniya, wadda mutanenmu ke kira ciwon haƙarƙari, ita ce ƙwayar cuta ta shiga jakunkunan nan su cika da ruwa da mugunya. Sanyi da kansa ba ya kawo ta. Hunturu dai yana busar da hanci, yana cusa mutum goma a ɗaki ɗaya a rufe da kaskon garwashi, mura ta yi ta zagayawa, ƙwayar ta samu ƙofa. Da jiki ya ji iska ta gaza sai ya ƙara sauri, kuma wannan saurin ana iya ƙirga shi a tsakar gida.

A jira yaro ya natsu, in so samu ne yana barci ko yana kwance a cinya, don ƙirgen mai kuka ko mai shan nono aikin banza ne. A ɗage riga, a kafa ido a wuri ɗaya, a saita agogon waya minti ɗaya cur. Tashi da sauka ɗaya ke nan. Kar a ƙirga daƙiƙa 15 a ninka huɗu, saboda jarirai suna yin sauri, su ɗan tsaya, su ci gaba. Jaririn da bai kai wata 2 ba, 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa kafin ya cika shekara, 50. Daga shekara 1 zuwa 5, 40. Sannan a kalli ƙasan ƙirji, inda haƙarƙari ya ƙare. Lafiyayyen yaro in ya ja numfashi, ƙirji da ciki tare suke tasowa. In ƙasan ƙirjin yana lotsawa ciki daidai lokacin da ya ja iska, kuma kowane ja haka, huhun ya yi tauri yana kokawa da shi.

Kwana na biyar, da ya daina kama nono, aka sako shi a motar haya zuwa cikin gari. A ɗakin yaran da aka kwantar da shi tukunyar oksijin ɗaya ce, ana zagayawa da ita daga gado zuwa gado, babu kuma abin auna wanda ya fi buƙata. Da ido ake yi: a buɗe baki a duba harshe da dasashi ko sun yi shuɗi. Wannan dubawa mayaudariya ce. Yaron da jininsa ya yi ƙasa, kamar wannan da wanzami ya ƙara zubar masa da shi, ba ya yin shuɗi ko da iskar jikinsa ta kusa ƙarewa, fari fat za ka gan shi. An yi masa allurai, an ba shi iska na 'yan awoyi, aka cire aka kai wa wani da ake ganin ya fi shi jigata. Bai ga asuba ba. Allah ya sa mai ceto ne. Irinsa suna da yawa: ƙiyasin UNICEF ya ce a 2018 kaɗai nimoniya ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 kimanin 162,000 a Najeriya, fiye da kowace ƙasa a duniya.

Cikin autan bai kai ba. A mako na 31 faya ta fashe da la'asar. Lokacin sun riga sun dawo cikin gari, tana zuwa awo, an kuma san makonnin cikin daga hoton da aka yi tun yana wata uku. Wannan sanin ne ya ba likita damar rubuta mata allurar deksametazon, miligiram 6 a tsoka, duk awa 12, sau huɗu. Uwa ake yi wa, amma a huhun ɗan yake aiki: yana hanzarta shi ya fara fitar da wani ruwa mai santsi da ke hana jakunkunan iska mannewa duk sa'ad da aka fitar da numfashi. Tsakanin mako 24 da 34 ake yi, in ana sa ran haihuwa cikin kwana bakwai, kuma babu alamar ƙwayar cuta ta shiga mahaifa. Babban gwajin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a asibitocin ƙasashe biyar, har da Najeriya, wanda sakamakonsa ya fito a 2020, ya nuna yana rage mutuwar bakwaini. In kuwa aka yi shi da ka, ga cikin da ba a san makonninsa ba, yana iya zama cuta. Allura uku ta samu naƙuda ta taso.

Kilo ɗaya da rabi aka auna. Kafin awa ɗaya ya fara nishi, ƙofofin hanci na buɗewa, tsakiyar ƙirji na faɗawa kamar an danna da babban yatsa. Nishin nan dabara ce ta jiki: jariri yana rufe maƙogwaro ya fitar da iska da ƙyar don ya bar ɗan matsi a huhu, kar ya rufe gaba ɗaya. Sai dai yana gajiya. Na'urar da muke kira sipap wannan aikin take karɓa daga hannunsa, kuma in ka gan ta sai ka raina ta. Tiyo biyu ne ke haɗe da 'yan ƙahonnin roba a hanci. Ɗaya yana kawo iskar ɗaki gauraye da oksijin, kamar lita 5 zuwa 6 a minti ga irin wannan jariri. Ɗayan, na fitar iska, ana tsoma bakinsa a gorar ruwa mai tsabta. Zurfin tsomawar shi ne matsin. Santimita 5 ake fara wa, in bai wadatar ba a ƙara ɗaya-ɗaya har 7 ko 8. Ruwan yana ta ɓurɓuro da kumfa dare da rana.

Wahalar tana wurin gadi. In kumfa ta tsaya, iska na zurarewa a wani wuri: ko ƙahon ya yi wa hanci ƙanƙanta, ko ya zame, ko bakin jariri ya buɗe, ko tiyo ya cire. Mafi haɗari shi ne kumfa tana yi lafiya lau alhali majina ta bushe ta toshe hanci, mai jinya tana jin ƙara daga nesa tana zaton komai daidai. Saboda haka duk awa uku zuwa huɗu sai an ɗiga ruwan gishiri a hanci an zuƙe majina. Ruwan gora yana ƙafewa, santimita 5 ta koma 3 ba wanda ya lura, shi ya sa muke manna salatif a layin. Iska tana cika ciki ta danne huhu, sai a zura siririn tiyo ta baki zuwa ciki a bar bakinsa a buɗe. Ƙahon da ya matse tsakiyar hanci kwana biyu yana cinye naman wurin. Oksijin ɗin kansa in ya yi yawa yana lalata idon bakwaini har ya makance, don haka awon iskar jini tsakanin kashi 90 da 95 ake riƙe shi, mai ganin 100 yana murna bai san aikin ba. In jariri ya rikice farat ɗaya, gefen ƙirji guda ya daina motsi, huhu ne ya fashe iska ta taru a gefe, likita ake nema a guje.

Na daɗe a kan gadin nan ne saboda an gwada an gani. A Daka ta Bangaladash, gwajin da aka wallafa a 2015 kan yara masu nimoniya mai tsanani ya samu mutuwar kashi 4 cikin ɗari a masu sipap, kashi 15 a masu oksijin zalla. Da aka gwada a wani asibitin gunduma a Malawi inda babu likita a tsaye kullum, sakamakon 2019 ya juye, masu sipap suka fi mutuwa. Na'ura iri ɗaya ce, masu zama a kanta ne suka bambanta. A gida ma ana ƙerawa: babbar kyautar kimiyya ta Najeriya ta 2023 Farfesa Hippolite Amadi ya ci, a kan na'urorin numfashin jarirai masu aiki da sola.

Kwana shida autan ya yi a kan sipap. Bakwaini suna da wata ɗabi'a ta mantawa da numfashi, su yi shiru daƙiƙa 20 ko fiye har bugun zuciya ya sauka. Maganin shi ne kafin, sinadarin nan na kofi, miligiram 20 a kowane kilo ranar farko, sannan 5 a kowane kilo kullum. Dakashin da a ƙauye ake tatsewa a zubar, shi aka fara ɗiga masa ta tiyo. Da aka fitar da shi daga kwalba aka ɗaure mata shi a ƙirji, fata da fata, daga shi sai hula da kunzugu, kansa a juye gefe kuma a ɗan ɗage don kar wuya ya lanƙwashe ya toshe hanya. Dada ta zo barka ta same ta haka a gaban mutane, ta riƙe haɓa. Ƙanwata, wadda ba ta taɓa ɗaga ido ta kalle ta ba, ta ce, "Dada, ki yi haƙuri, wannan ba zan yi masa kara ba."

Rigakafi ba mu yi jayayya da kowa ba, kati muka bi. Bakwaini daga ranar haihuwarsa ake lissafa masa, ba a jira sai ya yi ƙwari. Mako 6, 10 da 14 ya karɓi Penta da PCV. Penta ta shigo Najeriya a 2012, a cikinta akwai kariya daga tarin shiƙa, mashaƙo da ƙwayar Hib mai kawo nimoniya da sanƙarau. PCV, wadda ke tare ƙwayar da ta fi kowacce kashe yara da nimoniya, an fara ta a ƙarshen 2014, aka bi jihohi rukuni-rukuni. Katin wansa ba shi da gurbin PCV ko Hib, domin ba su zo ba tukuna. Ta ƙyanda wata 9, ta biyu wata 15, kuma ƙyanda ta huhu take yawan kisa. Zazzaɓin kwana ɗaya da kumburin cinya bayan Penta shi ke korar iyaye daga allura ta biyu da ta uku, alhali farasitamol da nono sun ishe shi. Mashaƙon da ya ɓarke a Kano, Yobe da Bauchi a 2023, yawancin yaran da ya kama ba su kammala waɗannan ukun ba. Akwai kuma sabuwar allurar mai ciki da ke kare jariri daga ƙwayar RSV, mai toshe ƙananan hanyoyin iska a watannin farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2025, amma ba ta hau katinmu ba tukuna.

Rigakafi yana ragewa ne, ba ya toshe kowace ƙofa. Yana da wata 14 ƙanwata ta kira ni bayan isha. "Adda, 56 na samu. Na jira ya yi barci na sake, 54." Da safe aka kai shi asibitin unguwa. Ma'aikacin ya sake ƙirgawa, ya ɗora shi a sikeli, kilo 8, ya auna iskar jini, 94, ya ba da amoksisilin mai narkewa, ƙwayar miligiram 250. Tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi maganin farko a madadin Septrin, ta kuma ce ko mai lotsawar ƙirji in babu alamar haɗari a gida za a yi masa. Daga kilo 4 zuwa ƙasa da 10 ƙwaya ɗaya safe da dare, daga 10 zuwa ƙasa da 14 ƙwaya biyu, daga 14 zuwa 19 ƙwaya uku, kwana biyar. Da shekaru aka bi da biyu zai sha, amma nauyi ne ke hukunci. A cokali ake narkar da ita da ɗan ruwa ko nono, ba ta buƙatar firij, ba kuma a yin kuskuren ruwa irin na garin kwalba da ake cika wa ruwa da ka. In ya yi amai cikin rabin awa a sake ba shi. In ya warware a kwana na biyu kar a ɓoye ragowar don wata rana. Maganin tari na kwalba ba shi da gurbi a nan, tari shi ke share huhu.

Da komai ya tafi daidai da a nan zan tsaya. Amma ya ƙi cin abinci, Dada kuma, da kyakkyawar niyya, ta kwantar da shi a ƙafa ta toshe masa hanci ta yi masa ɗurar koko. Yaron da ke jan numfashi hamsin da wani abu a minti ba shi da sararin haɗiya, kokon ya bi ta hanyar iska. Kafin tsakar dare ya ƙi nono, ya yi laushi, da ƙyar yake buɗe ido. Waɗannan, tare da amai da komai, jijjiga, da ƙara mai kaushi in yaro ya ja numfashi yana natse, su ne alamomin da ba a jiran gari ya waye.

Wannan karon 'yar na'urar matse yatsa ce ta yi magana: 86. Ƙasa da 90 oksijin ake sawa, babu muhawara. Tana haska jan haske ta cikin fata ta karanta yawan jinin da ke ɗauke da iska, amma tana ƙarya in an yi mata gaggawa. Ƙafa mai sanyi, yaro mai wutsil-wutsil, baƙin lalle, hasken rana kai tsaye, ko matsin manya a kan ɗan yatsan jariri, duk suna ba da lambar bogi. A ɗumama ƙafar, a sa matsi daidai shi a babban yatsa, a jira igiyar bugun zuciya ta daidaita a allo kafin a yarda. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2020 ya nuna a baƙar fata takan ƙara maki sama da gaskiya, don haka yaro mai 91 ko 92 da ke kokawa da numfashi ba na sakin jiki da shi.

Aka sa masa lita 1 a minti ta robar hanci, aka ɗaga zuwa 2, ya hau 95. Iskar daga injin tace iska take fitowa. Yana zuƙar iskar ɗaki, wadda kashi 21 ne kawai oksijin a cikinta, ya bi da ita ta tukwane biyu cike da wata tsakuwa mai riƙe naitirojin, ya fitar da oksijin kashi 90 zuwa 95. Ba ya ƙarewa muddin akwai wuta, kuma da abin rarrabawa inji ɗaya yana ɗaukar yara huɗu ko biyar, kowa da awonsa. Abokin gabarsa ƙura. Littafi ya ce a wanke soson baya da ruwan sabulu duk mako, amma a Gombe cikin Janairu kwana biyu ya ishe shi ya koma ja. Sai ya bushe sarai ake mayarwa, kuma ba a manna injin da bango. In ƙarfin oksijin ɗin ya faɗi ƙasa da kashi 82 fitila tana kunnawa, wanda bai kula ba sai ya ga inji na ruri, ƙwallon awo na sama, alhali abin da yaro ke shaƙa bai fi iskar ɗaki da yawa ba. Sau biyu aka ɗauke wuta a daren, batirin sola ya riƙe. Allurai kuma ampisilin miligiram 50 a kowane kilo duk awa 6, wato 400, da jentamaisin 7.5 a kowane kilo sau ɗaya a rana, wato 60. Kwana na huɗu aka cire iskar aka zauna a kansa minti 15, ya tsaya a 93. Sai da ya yi cikakkiyar awa 24 haka kafin a sallame shi. Dada ba ta sake yi wa kowa ɗura ba, har 'ya'yan maƙwabta take hanawa.

Daga shekara uku wani sabon abu ya fito. Duk mura sai ta sauka ƙirji, tari cikin dare wajen ƙarfe uku, tari in ya yi gudu ko dariya, da wani siririn fito in yana fitar da numfashi. A shekara ɗaya sau biyar aka ba shi maganin ƙwayar cuta a wurare daban-daban, kowa ya ƙirga ya samu sama da 40 ya ce nimoniya. Ga inda ƙirge kaɗai ke yaudara. Ƙa'idar ita ce yaro mai fito a fara shaƙa masa salbutamol har sau uku, tsakani minti 15 zuwa 20, sannan a sake ƙirgawa. Ranar da wata likita ta yi haka, ya sauko daga 52 zuwa 34 a gabanmu. Asma ce.

Kafin a tsayar da magana sai da aka kawar da tarin fuka, domin ƙanen mijinta da ke kwana a zauren gidan an same shi da shi. Yara ba sa iya tofar da majina, haɗiyewa suke, shi ya sa yanzu ake karɓar kashinsu a sa a injin GeneXpert mai gano ƙwayar tarin fuka. Bai nuna komai ba, hoton ƙirji ma haka, kuma biyun ake haɗawa don gwajin yana iya kuskure yaro mai ƙwaya kaɗan. Aka ba shi maganin kariya na wata 3, kyauta, aka gargaɗi uwar cewa fitsarinsa zai yi ja-ja kar ta tsorata.

Uban ne ya tirje a kan inhela. Ya ce min, "Adda, an ce in yaro ya fara shaƙar abin nan ba ya dainawa har abada, a ba shi na ruwa mana." Na ruwan sai ya zagaye jiki duka kafin ya isa huhu, yana jinkiri, yana sa rawar hannu da bugun zuciya. Na shaƙa maikirogiram 100 ne a fesa ɗaya, kai tsaye inda ake buƙata. Matsalarsa ɗaya, yaro ba ya iya haɗa fesawa da jan numfashi, maganin sai ya ƙare a harshe. Gorar ruwan roba mai rabin lita tana warware wannan, likitocin yara a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu sun gwada tun 1999 sun samu tana aiki kamar ta kanti. A lanƙwasa waya daidai siffar bakin inhela, a gasa ta, a huda gindin gorar, a cusa inhelar ta zauna dam babu zurara. Yaro ya kama bakin gorar da leɓe. A girgiza, a fesa ɗaya, ya ja numfashi biyar ko shida, sannan a sake girgizawa a fesa na gaba. Fesa huɗu a jere lokaci ɗaya asara ce, a bangon gora suke mannewa. Sabuwar gora a wanke ta da ruwan sabulun wanke-wanke a bar ta ta bushe da kanta, in aka goge da tsumma robar tana jawo maganin ta riƙe. Wanda bai kai shekara uku ko huɗu ba sai an haɗa masa da abin rufe baki da hanci.

In ciwon ya tashi, ɗan ƙasa da shekara 6 fesa 2 zuwa 6, wanda ya kai 6 fesa 4 zuwa 10, duk minti 20 a awar farko. In bai iya ƙarasa jimla ba, ko ƙirjin ya yi tsit babu ko fiton, ana fesawa ana kan hanyar asibiti, can za a ƙara da firednisolon na 'yan kwanaki da oksijin. Amma shuɗiyar inhela, wato ta salbutamol, buɗe hanya kawai take yi, kumburin da ke ciki yana nan. Da suka ga yana neman ta fiye da sau biyu a mako, likita ta ɗora shi a kan beklometazon, mai kashe kumburin, safe da dare ko yana lafiya, ya kuskure baki ya zubar bayan kowace shaƙa don kar farar ƙurajen baki su fito. Sai ta yi mako biyu zuwa huɗu kafin a ga amfaninta, a nan yawancin iyaye ke cewa ba ta aiki su ajiye.

Gidan ma ya canza, kuma wannan ya fi sayen magani wuya. Turaren wuta ya koma tsakar gida, shi ma sai yaron ya tafi makaranta ake kunnawa, abin da ƙanwata ta ce ya fi komai yi mata ciwo. Igiyar leƙo ta fita, gidan sauro ya shigo. Murhun itace ya bar bakin tagar ɗakinsa. Ana yayyafa ruwa kafin shara, kaskon garwashi ba ya kwana a ɗaki komai sanyi. Ƙurar hunturu dai ba mai iya hana ta, sai takunkumi da safe in za shi makaranta.

Yanzu fesa biyu yake yi safe, biyu dare, na maikirogiram 50. Gwangwanin fesa 200 ne, kwana 50 ke nan, kuma ko maganin ya ƙare yana ci gaba da fitar da iska, girgizawa a kunne ba ta nuna komai. Don haka ranar da aka buɗe sabo takan rubuta kwanan watan ƙarewarsa a jikin kwalin, ta fara tara kuɗin na gaba daga cinikin ƙuli-ƙulinta, domin ya yi tsada kuma ba kowane kemis ke ajiye shi ba. Wata huɗu ke nan bai taɓa shuɗiyar ba, tana dai cikin jakar makaranta da gorarta, malamar ajinsu ta san yadda ake yi. Likita ta ce za ta gwada rage masa zuwa rabi, amma sai hunturu ya wuce, don haka ta ba su ranar dawowa cikin Maris.